Kafin Ka Buga Masa Kik: Yadda Na Tayar da Tsohon Babur ɗin Baba

Tun daga 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur, baburan da aka manta da su a soro da bayan ɗaki suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya a unguwarmu. Wasu tun Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Kano ta hana acaɓa, aka jingine su. Namu bai taɓa acaɓa ba. Honda CG125 ne ja, na mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da shi ya yi ta zuwa makarantar da yake koyarwa har ya yi ritaya. Bayan rasuwarsa aka lulluɓe shi da tsohuwar tabarma a soro, ya shekara tara kaji na kwana a ƙarƙashinsa.

Ranar da muka turo shi tsakar gida, ƙanina ya ɗora ƙafa zai buga kik, na riƙe masa hannu. Ya ce, "Yaya, ai ji kawai zan yi ko zai amsa." Na ce masa wannan jin shi ke kashe tsofaffin babura. Injin da ya shekara tara bai juya ba, duk baƙin man da ke jikin fistin da bangon silinda ya tsiyaye ya koma ƙasa. Ka buga kik da ƙarfi, ƙarfe ne zai goge ƙarfe a bushe, in kuma ringi ya manne da tsatsa sai ya karye. Kik shi ne na ƙarshe a jerin aikin, kuma jerin nan nake so in ba ka yadda na bi shi.

Yana da kyau ka san irin injin da ke gabanka. A 1974 kamfanin Honda ya tura injiniyoyinsa ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, har da Fakistan da Iran, su ga yadda talakawa ke amfani da babur. Suka tarar da abin da mu ma muka sani: mutum uku ko huɗu a kan babur ɗaya, baƙin mai ba a juye shi sai ya yi kauri, matatar iska ta toshe da ƙura. Shi ne suka fito da CG125 a 1975, injin da zai jure wa irin wannan riƙon. Ba shi da sarƙar taimin a ciki, giya ce ke juya kam, wasu sanduna biyu kuma su tura bawul. Matatar iskarsa soso ce da ake wankewa a mayar. Yawancin baburan Sin masu injin 125 da 150 da ke kan titunanmu zubin CG aka kwaikwaya, don haka abin da zan faɗa ya shafe su. In naka irin Suzuki ko Jincheng ne mai hayaƙi, wanda ake zuba wa man injin a wani ɗan tanki dabam, to shi ba shi da tafet, wato tazarar bawul da ake daidaitawa, amma maganar tanki da kafireta da sarƙa da birki duk ɗaya ce.

Kayan aikin ba su da yawa: sifana lamba 8, 10, 12, 14 da 17, soket lamba 24, sifanar fulogi, sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, filaya, da siraran ƙarafan nan na auna tazara da makanikai ke kira fila geji. Ka ƙara da kananzir lita biyu, tsummoki, tsohon buroshin goge baki, da tire ko buhu mai tsabta na jera abin da ka kwance. Duk abin da za ka cire, ka fara ɗaukarsa hoto da wayarka. Kuma ka yi aikin a fili, nesa da madafa. Fetur da garwashi ba sa zama gida ɗaya, ka sanar da mutanen gida tun kafin a hura wuta.

Ka fara da wanke babur ɗin, musamman kewayen fulogi, don kada yashi ya faɗa cikin injin in ka cire shi. Sannan ka cire fulogin, ka zuba baƙin mai cokalin shayi ɗaya ta ramin, ka toshe da tsumma, ka bar shi ya kwana. Washegari ka sa babur a firi, ka danna kik da hannunka a hankali, ba da ƙafa ba. In ya sauka sumul kana jin iska na fita ta ramin, alhamdu lillahi, injinka na da rai. In ya cije, kada ka yi masa dole. Ka ƙara mai da ɗan kananzir, ka ba shi kwana biyu ko uku. In har yanzu ya ƙi, aikin ya wuce tsakar gida, sai bakanike ya buɗe kan injin. Namu ya cije kaɗan a rana ta farko, a ta biyu ya saki.

Yanzu baƙin mai, kuma a nan zan daɗe, domin a nan ne CG ke rayuwa ko ya mutu. Duk man da ke cikinsa bai wuce lita ɗaya ba. Wannan 'yar litar ita ke shafe fistin, ita ke shafe giya, a cikinta kuloci ke iyo, ita ce kuma ke rage wa injin zafi a ranar Afrilu. Ba shi da matatar mai irin ta mota da ake cirewa a jefar. Abu biyu yake da su a madadinta, kuma mutane da yawa sun yi shekaru suna hawan CG ba su san da na biyun ba.

Na farko yana gefen hagu a ƙasan injin, wani babban murfi da soket 24 ke kamawa. In ka kwance shi, mai zai zubo, sifirin zai biyo baya, sannan wata 'yar raga mai kama da ƙaramin ƙoƙo. Ka lura da yadda suka fito don ka mayar da su haka. Ka wanke ragar da kananzir, ka ɗaga ta a rana ka duba. Baƙin datti ba abin damuwa ba ne. In ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da yawa, wani abu na cin kansa a ciki. Ka duba zoben robar da ke jikin murfin, in ya bushe ko ya baje ka sake sabo. Murfin nan na alminiyom ne, ba ya son ƙarfi. Wani mai gyara ya taɓa ɗaure na babur ɗin maƙwabcina da dogon bututu har ya tsage shi, kwana biyu mai na ɗiga ba su san daga ina ba. Ka ɗaure shi da hannu har ya zauna, sannan ka ɗan ƙara masa da soket kaɗan.

Na biyun yana ɓoye a bayan murfin injin na dama, wajen kuloci. Wani ƙoƙon ƙarfe ne da ke juyawa tare da injin, mai na bi ta cikinsa, juyin nan ya watsa datti ya manne a bango. Sai ka cire sandar kik da wayar kuloci, ka kwance murfin dama, sannan ka ga ƙoƙon da ɗan murfinsa mai sukurori uku. Sukurorin nan suna da saurin cinye kai, ka danna sukundireba sosai kafin ka murɗa, in akwai irin wadda ake bugawa da guduma ta fi. Da na buɗe na Baba, na tarar da baƙin laka mai tauri kamar busasshen tuwo ya kusa cika shi. Na tabbata tun da aka sayi babur ɗin ba a taɓa buɗe wurin ba. In ƙoƙon nan ya cika, datti ba shi da wurin tsayawa, sai ya wuce kai tsaye cikin injin. Ka kankare shi da ɗan itace, ka goge da tsumma da kananzir, ka sayi sabon fakin, wato takardar da ke tsakanin murfin da injin, kafin ka fara, don tsohon ba zai fito lafiya ba. Ni yanzu sau ɗaya a shekara nake buɗe shi.

Man da za ka zuba ya zama na babur, 20W-50 ya dace da zafin ƙasarmu, kuma ka nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa. Wasu mayukan mota na zamani suna da sinadarin ƙara santsi da ke sa kuloci ya riƙa zamewa. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi kuwa, ba ka san abin da aka gauraya ba, kuma araha ba ta ado. Wajen aunawa, ka tsayar da babur a miƙe, ka goge sandar awo, ka ɗora ta a baki ba tare da ka murɗa ta ciki ba, ka ciro ka duba. Mai ya tsaya kusa da layin sama. In ka murɗa sandar ciki ka auna, za ta nuna maka mai ya isa alhali bai isa ba.

Sai tanki. Tsohon fetur yana da wani wari mai tsami kamar fenti, kuma ya gama aiki, ka juye shi duka. Ka haska cikin tankin da tocila, ba da ashana ba. In tsatsa ce sama-sama, ka cire famfon mai, ka toshe ramin, ka zuba kananzir da ƙananan notuna cikin tafin hannu, ka ƙirga su, ka yi ta girgizawa har hannunka ya gaji. Ka juye, ka tabbatar notunan sun fito cif, ka ɗauraye da sabon fetur har ya fito garau. Famfon mai yana da ɗan kofi a ƙasansa inda ruwa da datti ke taruwa, ka wanke shi. Tiyon mai ka sake shi kawai, ya riga ya bushe. Ka sa 'yar matatar fetur ta roba a tsakanin tanki da kafireta. Kuɗinta kaɗan ne, kuma ita za ta tsare maka dattin da ke biyo man 'yan bumburutu ranar da dole ta sa ka saya.

Kafireta tana tsorata mutane, alhali ta CG ba ta da wuya. Ka cire ta, ka kwance kofin ƙasa. Za ka ga fulot mai iyo a kan mai, da allurar da ke tsayar da mai, da jet guda biyu na tagulla: babba na gudu, ƙarami na silo, wato lokacin da injin ke aiki ba a murɗa totur ba. Ƙaramin ne ke toshewa, domin raminsa bai fi kaurin gashi da yawa ba, shi ya sa za ka ga babur yana tashi da cok amma da an saki totur sai ya mutu. Ka jiƙa su a fetur mai tsabta, ka hura musu iska, ka ɗaga su a haske har ka ga rana ta ramin. Kada ka zura allura ko wayar ƙarfe. Tagulla tana da laushi, da ka faɗaɗa ramin shi ke nan babur ya koma mai shan mai har abada. In dole ne, ka zare sili ɗaya daga tsohuwar wayar lantarki ta tagulla ka bi da shi a hankali. Akwai kuma wani ɗan sukuro na daidaita iska da mai. Kafin ka cire shi, ka murɗa shi ciki a hankali har ya taɓa, kana ƙirga zagaye nawa ya yi, ka rubuta. Haka za ka mayar da shi. Allurar fulot in bakinta ya yi zobe, ka sake ta, in ba haka ba kafireta za ta riƙa zubar da mai a ƙasa.

Soson iska na Baba ya ruɓe, na taɓa shi ya zama gari. Na sayi sabo. Yadda ake kula da shi: a wanke da kananzir, a matse a tafin hannu ba a murɗe kamar wanki ba, a shanya ya bushe, a shafa masa baƙin mai mai tsabta ya ratsa ko'ina, a sake matsewa har ya daina ɗiga. Man nan shi ke kama ƙura, busasshen soso rabin aiki yake yi. Da hunturu duk sati biyu nake wanke nawa. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda wasu ke cire soson gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu. Ƙurar Disamba da Janairu in ta shiga silinda ta haɗu da mai, ta zama kamar yashin goge tukunya. Wata kaɗan za ka ga hayaƙi a salansa, a ce maka ringi ya mutu, alhali kai ka kashe shi.

Tafet ana yin sa ne injin yana da sanyi, da safe kafin a tayar. Ka cire murfin kan injin, ka buɗe gefen hagu inda magneto yake. A jikin faifan akwai alamar T. Ka juya shi hagu, saɓanin tafiyar agogo, har T ta yi daidai da alamar da ke jikin injin. Ka taɓa hannayen bawul biyun. In duka suna ɗan motsi, ka samu wurin. In sun ɗaure, ka ƙara zagaye ɗaya cikakke ka dawo kan T. Tazarar 0.08 na milimita ce, ta shiga da ta fita duk ɗaya. Ka sassauta noti, ka zura fila geji, ka murɗa sukuro har ka ji ƙarfen yana wucewa da ɗan ja kaɗan, ka riƙe sukuron ka ɗaure notin, sannan ka sake aunawa, domin yakan motsa wajen ɗaurewa. Wasu suna matse tafet har ya yi shiru don mai babur ya ji daɗi. CG lafiyayye yana da 'yar ƙara tik-tik kamar keken ɗinki, haka aka yi shi. Bawul ɗin da aka matse ba ya rufuwa sosai in ya yi zafi, sai ya ƙone, babur ya riƙa wuyar tashi.

Fulogi ka sayi sabo, NGK D8EA shi ne na yawancin CG, tazarar bakinsa 0.6 zuwa 0.7 na milimita. Na jabu sun yi yawa a kasuwa, ka saya a wurin wanda ka sani ko da ya fi tsada. Kafin ka ɗaura shi, ka sa shi a hularsa, ka jingina jikinsa da ƙarfen injin, ka kunna makulli, a danna kik. Wuta shuɗiya mai ƙara kake nema. In ja ce mai rauni ko babu, ka bi wayoyi, don ɓeraye suna son su. Tsofaffin CG irin na Baba suna da foyin, wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa. Ka goge fuskarsu da takardar yashi mai laushi, tazararsu in sun buɗe 0.3 zuwa 0.4 na milimita, kuma su fara buɗewa daidai lokacin da alamar F ta zo kan layi. Na baya-bayan nan masu CDI, wato ɗan akwatin lantarki da ke ba fulogi wuta, ba su da wannan aikin. Wajen ɗaura fulogi ka fara da yatsu har ya shige, sannan sifana. Ramin na alminiyom ne, in ka karkata shi ka ci zaren, ka jawo wa kanka kashe kuɗi. Batir kuwa sabo za ka saya, amma ka duba ko naka mai bolt 6 ne ko 12, tsofaffin 6 ne.

Yanzu ne lokacin kik. Ka buɗe mai, ka jira kafireta ta cika, ka ja cok, ka buga ba tare da ka murɗa totur ba. Namu a bugu na biyar ya tashi. Hajiyarmu tana ɗaki ta leƙo, ta ce, "Wannan ai muryar babur ɗin Malam ce." Ta daɗe a bakin ƙofa tana sauraro. Hayaƙi zai fito na 'yan mintuna saboda man da ka zuba a silinda, zai wuce. Ka bar shi a silo ya ɗumama, kada ka yi ta zuga shi.

Injin ya tashi ba yana nufin a hau titi ba. Tayoyin da suka shekara tara a wuri ɗaya sun mutu ko da zanensu na nan. A gefen taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara: 2312 na nufin sati na 23 a 2012. Ka sake taya da tif duka. Iska, a ma'aunin PSI, kamar 25 a gaba, 28 a baya, in da goyo ko kaya ka kai ta baya 32. Ka buɗe birkin gaba da na baya ka duba takalman, domin in sun daɗe a ajiye fatar da ke jikinsu takan ɓanɓare daga ƙarfen, kuma in ta ɓanɓare kana tafiya taya na iya kullewa. Ƙurar cikin birki kada ka hura ta da baki, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma, tsofaffin takalma na iya ƙunsar sinadarin asbestos mai cutar da huhu. Wayoyin birki da kuloci da totur ka ɗiga musu mai, wadda ta fara tsinkewa ko sili ɗaya ne ka sake ta. Hannun kuloci ya kasance da wasa na santimita ɗaya zuwa biyu kafin ya fara ja.

Sarƙa lamba 428 ce. Ka jiƙa ta a kananzir ka goge da buroshi. In akwai gaɓoɓin da suka ƙage, ko haƙoran sifoket sun lanƙwashe kamar ƙaya, ka sake sarƙa da sifoket biyun a tare, sabuwar sarƙa a kan tsohon sifoket ba ta daɗewa. Makullin sarƙar yana da gefe rufaffe da gefe buɗaɗɗe, rufaffen shi ke fuskantar inda sarƙa ke tafiya. Wasanta a tsakiya kamar santimita biyu, sama da ƙasa. Ka ja notunan gefe biyu daidai wa daida kana duba layukan da ke jikin ƙarfen, don taya ta zauna a miƙe, kuma duk lokacin da ka ja sarƙa ka sake daidaita birkin baya. Ka shafa mata man giya mai kauri. Murfin sarƙar nan da samari ke cirewa don ado, ka bar shi a wurinsa, shi ke kare ta daga yashi.

Abin da na bar wa bakanike shi ne gyaran garen taya da sifok, da boris ɗin wuya da na ji yana cijewa in na juya kan babur. Su ma na tsaya a kansa ina kallo har ya gama. Takardun babur da suka daɗe da ƙarewa na sabunta su, na kuma sayi hular kwano kafin fitar farko.

Satin farko a cikin unguwa na yi ta zagaye, ban wuce gudun 50 ba, kullum da safe ina duba ƙasa ko akwai ɗigon mai, ina bin notuna da sifana. Bayan kamar kilomita 300 na sake juye baƙin mai yana da ɗumi, na wanke ragar nan, domin sabon mai yakan kwaso tsohon dattin da ya manne a lunguna. Ya fito baƙi ƙirin. Na ciro fulogi na duba bakinsa: launin gasasshiyar gyaɗa, yadda ake so. Da ya yi baƙin toka, da fetur ya yi yawa ko soso ya toshe. Da ya yi fari fat, da iska na shiga ta wani wuri, sai a duba robar da ke haɗa kafireta da injin. Daga nan na koma juye baƙin mai duk kilomita 1,500, ina rubuta ranar da lambar mita a wani ɗan littafi da nake ajiyewa a akwatin gefe, tare da sifanar fulogi da fulogi ɗaya na ko-ta-kwana.